LAFIYA UWAR JIKI: A Biya Kuɗi Don a Yi Wasa?

Wannan wata za mu ajiye zancen abincin yara da muka soma, gama wata wasiƙa ta iso mana daga Sakkwato wadda ba za ta jira wata mai zuwa ba. Wani saurayi ne ya rubuto, malamin firamare, mazaunin Ƙofar Dundaye. Ya roƙa kada mu buga sunansa, mun kuwa yarda. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Shekara uku ke nan ina tara kuɗi. Akwai wani kango kusa da gidanmu, mai shi ya yarda ya ba ni haya. Ina so in buɗe wurin motsa jiki, amma ba irin na injuna ba, gama kuɗina ba su isa sayen ko inji ɗaya ba. So nake yara da manya su riƙa zuwa suna tsalle, suna rarrafe, suna hawan igiya, suna langa. Da na gaya wa Baba sai ya ce, 'Haba ɗana, wa ka taɓa gani ya biya kuɗi don a bar shi ya yi wasan yara? Sayi babur ka ba da shi kabu-kabu.' Mai kangon ya ba ni zuwa ƙarshen wata, yana son kuɗin shekara guda a hannu. Me zan yi?"

To, ɗanmu, mun ji. Za mu amsa maka a nan a gaban kowa, domin tambayarka ta shafi kowane gida mai yara da tsofaffi.

Baba yana da gaskiyarsa

Kada ka yi saurin cewa Baba bai san zamani ba. A kwanakinsa ba wanda ya biya kuɗi don motsa jiki, gama ba wanda ya rasa motsin. Namiji yana huɗa, yana jan guga, yana zuwa kasuwa a ƙasa. Mace tana daka, tana surfe, tana ɗauko ruwa. Da farin wata ya fito yara suna dandali har iyaye su gaji da kira.

Ka tuna inda kake zaune. Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809. An kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi takwas: Dundaye, Kware, Rini, Marke, Kaɗe, Taramniya, Atiku da Aliyu Joɗi. Wanda ya fita ƙofa a da, gonaki da fadama yake tararwa. Yau gari ya wuce ganuwa da nisa. Garin Dundaye, wanda ƙofarku take ɗauke da sunansa, a wajensa ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take da babban mazauninta, ita da aka kafa a 1975. Filayen da yara suke wasa, an gina waɗansu, waɗansu sun zama hanyar babura. Iyaye da yawa ba su yarda yaro ya fita da dare, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi aikin tulu, wayar hannu ta karɓi dandali.

Ba muna kukan turmi ba ne. Duk wadda ta yi dakan gidan mutum ashirin ta san wahala ce, mun gode da ta ragu. Amma jikin nan bai sake ba. Har yanzu yana bukatar motsin da dā yake samu ba tare da an nema ba. Abin da dā kyauta ne, yau sai an yi masa wuri da lokaci. Ruwan sha ma ai dā ba a sayensa.

Abin da zama yake yi wa jiki

A 1953 wani likita a Landan mai suna Jerry Morris ya buga binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan bas-bas masu bene. Direba yana zaune yini guda. Kwandasta kuwa yana hawa yana sauka, ɗaruruwan matakala kowace rana. Mota ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa. Amma mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya ta fi yawa a cikin direbobi, kusan ninki biyu. Daga nan likitoci suka soma ɗaukar zancen motsa jiki da muhimmanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta a 2020. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kamar minti 60 kowace rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Wanda ya kai 65 a ƙara masa koyon tsayuwa daidai kwana uku a mako, domin kada ya riƙa faɗuwa. Hukumar ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba su kai wannan ma'auni ba. A cikin yara 'yan shekara 11 zuwa 17 kuwa, huɗu cikin biyar ba su kai ba. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda muka saba ji a gidajen masu kuɗi, yanzu suna gidan kowa.

Saboda haka bukata tana nan. Abin tambaya shi ne ko wasa zai iya biya ta.

Baturen da ya koya daga Afirka

Akwai wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Georges Hébert, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1957. Cikin tafiye-tafiyensa ya ga mutanen Afirka da ba su taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba, amma jikinsu yana da ƙarfi da zafin nama da jimiri. A 1902 yana tsibirin Martinique lokacin da wani dutse mai aman wuta ya hallaka garin Saint-Pierre, mutum wajen 28,000 suka mutu. Yana cikin waɗanda suka ceto ɗaruruwan mutane. Abin da ya gani a ranar ya koya masa cewa ƙarfin da ba ya taimakon wani ba shi da amfani.

Da ya koma gida sai ya tsara hanyar horo wadda ba ta bukatar inji. Ya kasa motsin mutum gida goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, tsayuwa daidai a kan abu siriri, jifa, ɗaukar kaya, kāre kai, da iyo. An buɗe masa makaranta a garin Reims a 1913. Filin horon soja mai katanga da rami da igiya, wanda sojoji suke bi a ƙasashe da yawa, yana da tushe a koyarwarsa. A 2008 wani Bafaranshe, Erwan Le Corre, ya sabunta wannan hanya da sunan MovNat, yau kuwa a Turai da Amurka mutane suna biyan kuɗi don a koya musu tsugunno da rarrafe da tafiya ba takalmi.

Yanzu sai ka jera abubuwa goman nan kusa da dandalinmu, ka ga wanne ne babu. Gudu da ɓuya suna cikin wasan ɓoyo. Tsalle yana cikin 'yar gala-gala da tsallen igiya. Jifa da cafewa suna cikin carafke. A gaɗa yarinya takan saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama, ga ɗaukar nauyi ke nan, ga koyon amincewa da juna. Kāre kai yana cikin kokawa. Iyo kuwa, je Argungu ka ga kabanci, watau wasannin ruwa na Kabawa, ninƙaya da nutso da tseren kwalekwale, a bikin kamun kifin da aka soma a 1934.

Ga kuma langa, sarkin wasannin maza. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya tsaya a kan ɗaya, yana tsalle yana ture abokin gāba. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Ƙungiya tana da "ruwa" wanda take kārewa har ya kai wurin sha. Cikin wasa guda ga ƙarfin ƙafa, ga numfashi, ga dabara, ga tsare ɗan'uwa. A 2022 wani likita a Birazil, Claudio Gil Araújo, da abokan aikinsa suka buga bincike a kan mutum 1,702 'yan shekara 51 zuwa 75. An ce kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10. Ɗaya cikin biyar ya kāsa. A shekarun da suka biyo baya, mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin waɗanda suka kāsa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ba magani ba ce, alama ce ta yadda jiki yake. Amma ka ga abin da likita yake gwada dattawa da shi, shi ne abin da yaranmu suke yi don daɗi.

Ba kuwa abin raini ba ne a ƙasa. Langa da kokawa da dambe suna cikin Bikin Wasannin Ƙasa na Nijeriya. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabtanku, ana gasar kokawa ta neman takobi tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ci ta farko a Tawa, ƙasa duka takan tsaya ta saurara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me za ka sayar?

A nan ne ya kamata ka natsu. Ba wanda zai biya ka kuɗin langa, gama langa ba taka ba ce. Abin da iyaye za su biya shi ne wuri mai tsabta wanda mota ba ta shiga, da lokaci tsayayye, da babban mutum mai hankali wanda idonsa yana kan ɗansu. Abin da babba zai biya shi ne wanda zai lura in bai zo ba, ya tambaye shi dalili. Mutane da yawa sun san ya kamata su motsa jiki. Abin da suka rasa shi ne abokan yi. Wanda ya sayi inji ya ajiye a ɗaki, bayan wata biyu shanyar tufafi ake yi a kansa. Wanda ƙungiyarsa ta langa take jiransa kuwa, kunya ma za ta fito da shi.

Watau jarinka kai ne. In ka makara sau uku, ko ka zauna kana duba waya yara suna kan igiya, ka cinye jarin.

Shirya kango

Fara da ƙasa. A share, a tsince ƙusa da kwalba da ƙaya, a sāke tsincewa. Inda za a yi tsalle ko hawa a zuba yashi mai laushi, zurfinsa ya kai santimita 30, a riƙa kaftarsa gama yakan daskare. Inuwa tana gaba da kowane kaya. In akwai dogon yaro a kangon, ka sami rabin abin da kake nema. In babu, ka kafa rumfa, ka dasa itace tun bana.

Kayan aiki ba su da yawa. Gungume biyu ko uku a kwance don tafiya a kai. Tsofaffin tayoyi daga wurin mai faci, amma a huda su, in ba haka ba ruwan damina zai kwanta ciki ka zama mai kiwon sauro. Bututun ƙarfe mai kauri a kan ginshiƙai biyu da aka kafa da siminti, don lilo da rataya. Igiya mai kauri. Buhunan yashi, ƙanana da manya. Jarka mai lita 20, in an cika ta da ruwa nauyinta kilo 20 ne, in an rage ruwan nauyi ya ragu, ga ƙarfen ɗagawa ke nan mai sauyawa. Kada wani abin hawa na yara ya wuce inda hannunsu yake kaiwa in sun miƙe tsaye.

Randa biyu da murfi, da moɗa mai tsabta, da wurin wanke hannu, da makewayi. Kowace safiya kafin kowa ya shigo ka ɗaga gungume da tayoyi ka duba kunama, ka girgiza ginshiƙai, ka ja igiya da nauyinka duka.

Awa ɗaya

Kada ka bar mutane su shigo kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan dandali ne ba mai tsaro. Ga tsarin da muke ba ka shawara. Minti 10 na farko tafiya da sassarfa da juya gaɓoɓi. Minti 15 a ƙasa: tsugunno, rarrafe gaba da baya, zama da tashi ba dafa hannu. Minti 15 ɗauka da rataya da tafiya a kan gungume. Minti 15 wasa na ƙungiya, langa ko jan igiya ko tseren ɗaukar buhu. Minti 5 na ƙarshe a zauna a sha ruwa a yi numfashi.

Wasan ya zo a ƙarshe, domin shi ne abin da za su tuna su dawo gobe. Ka haɗa ƙungiya da kanka, kada ka bar yara su zaɓa, gama kullum yaro ɗaya ne akan bari a ƙarshe, shi ne kuwa ya fi kowa bukatar wurin. Mai ƙiba da mai tsoro su sami abin da za su iya tun ranar farko. Kada ka hori yaro da motsa jiki, irin tsallen kwaɗo da kama kunne. Wanda aka hora da abu ba ya ƙaunarsa.

Dattawa kuma ajinsu dabam. Su langarsu ita ce tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, da tashi daga kujera sau goma, da tafiya a kan layin da aka ja a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Zafi, ƙura da rauni

Ka fi mu sanin ranar Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce awo 40. A watannin nan ba aji sai da sassafe ko bayan la'asar sosai. A sha ruwa kafin a fara, a sha a tsakiya, kada a jira ƙishi. Wanda ya soma jiri ko ciwon kai ya zauna a inuwa. Wanda ya rikice, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Da hunturu kuma a yayyafa wa fili ruwa saboda ƙura, masu asma su huta ranar da hazo ya yi yawa.

Kafin ka karɓi kowa ka yi masa tambaya, ka rubuta a littafi. Wanda ya wuce shekara 40 ya je a auna jininsa. In ya kai 140 bisa 90 ko fiye, ya ga likita tukuna. Mai ciwon ƙirji in ya yi aiki, kada ka karɓe shi sai da iznin likita. Yaro mai sikila ba a hana shi wasa, amma a hankali, da ruwa da yawa, da hutu duk lokacin da ya nema, ba a sa shi gasar jimiri. Mace mai ciki ta tambaya a wurin awo.

Dambe abin alfahari ne a ƙasar Sakkwato, kowa ya san Shago da mawaƙinsa Ɗan Anace. Amma kada ka sa shi cikin ajin yara. Duka a kai yana taɓa ƙwaƙwalwa. Kokawa ma sai a kan yashi, tsara da tsara. In yaro ya bugu a kai, wasansa na ranar ya ƙare, ko ya ce lafiya lau. In ya yi amai, ko barci ya dame shi, ko ya manta abin da ya faru, sai asibiti. In ana zaton karaya, a ɗaure wurin kada ya motsa, a je a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ƙashin. Wanda ƙusa ta soke shi a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi a yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora.

Iyo yana cikin abubuwa goman nan, amma muna roƙonka ka bar shi. Kada ka kai 'ya'yan mutane gulbi ko kududdufin fadama. Ban da nutsewa, akwai tsargiya, wadda take shiga ta fata ta sa fitsarin jini.

Ka nemi horon taimakon gaggawa wurin Red Cross kafin ka buɗe. Ka kuma sani, kome kulawarka, wata rana wani zai ji ciwo. Ranar nan kai da kanka za ka kai shi gida ko asibiti, ka gaya wa iyayensa gaskiya duka. Wanda ya ɓoye rauni ɗaya, unguwa ba za ta ƙara ba shi ɗa ba.

Maƙwabta, mata da 'yan mata

Kafin ka zuba yashi ka je wurin mai unguwa, ka bi gidajen da suke jikin kangon ɗaya ɗaya. Yawancin maƙwabtanka Musulmi ne. A tsai da wasa lokacin salla, kada a yi ihu bayan magariba, da azumi kuma a sauya lokaci ko a rage aiki. Ka gaya musu tun farko ranar Lahadi da safe wurin yana rufe. In kowa ya san ƙa'ida tun ranar fari, babu abin jayayya daga baya.

Ba ka ambaci mata a wasiƙarka ba, su ne kuwa suka fi rasa wuri. Namiji yana iya zuwa filin wasa na Giginya ko ya yi gudu a bakin titi da asuba. Matar aure da budurwa ina za su? Ka ware musu ranakunsu, katanga ta rufe, mace ce za ta koyar, kai kuwa kana waje. Nemi wata mai hankali wadda unguwa ta yarda da ita, ka biya ta. Mai yiwuwa ajin nan ne zai riƙe maka wurin, gama mata sun fi maza riƙon alkawari in sun sami abokan tafiya.

Game da yara, ga doka wadda ba ta da sassauci: babba ba ya kaɗaita da yaro a rufe, ko kai ne. Ƙofa a buɗe, benci a inuwa, kowace uwa ko uba suna iya zama su kalla. Babba ɗaya kada ya tsare yara fiye da goma sha biyu.

Lissafi

Ba za mu rubuta naira ba, gama kafin mujallar nan ta iso hannunka farashi ya sake. Auna da mudu. A ce kowane mutum yana biyan kuɗin mudun shinkafa ɗaya a wata, kana da mutum 30. Raba abin da ya shigo kashi huɗu: haya, ruwa da yashi da gyara, ajiya saboda ranar rauni, sa'an nan ladan masu koyarwa. In kashi ɗaya bai biya hayar wata ba, kangon ya fi ƙarfinka.

Kuma kada ka lissafa wata 12. Da azumi mutane za su ragu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa zai ɓata waɗansu ranaku, waɗansu kuma suna gona. Lokacin jarrabawa yara ba za su zo ba. Lissafa wata takwas, in ka sami fiye, riba ce. A karɓi kuɗi a farkon wata, a ba da rasit. Gidan da ya kawo yara uku a rage masa. Ka bar wuri biyu ko uku kyauta saboda marayu, amma kada kowa ya san ko su wane ne. In abin ya kafu, ka yi rajistar sunan sana'a a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin makarantu masu zaman kansu da ba su da filin wasa ba za su yi yarjejeniya da kai ba sai da takarda.

Amsarmu

Ga ta a fili. Kada ka ba da kuɗin shekara a ƙarshen watan nan. Kada kuma ka bar aikin koyarwa. Koma wurin mai kangon ka roƙi wata uku, ka ce za ka share ka gyara, in ka tashi gyaran nasa ne. In ya ƙi, bar masa kangonsa, ka nemi aron filin makaranta da yamma. Fara da aji biyu, na yara da na mata, kwana uku a mako. Kada ka kashe fiye da sulusin ajiyarka.

Bayan wata uku buɗe littafinka. Kada ka ƙidaya waɗanda suka zo ranar farko, gama sabon abu ba ya rasa 'yan kallo. Ƙidaya waɗanda suka biya wata na uku ba ka bi su gida ba. In sun kai 20, ci gaba. In ba su kai 10 ba, Baba ya yi gaskiya game da kuɗi, ka sayi babur da sauran, ka riƙa tara yaran unguwa ranar Asabar kyauta. Ba ka yi hasara ba.

Shi kuwa Baba, kada ka yi gardama da shi. Ranar da ka zuba yashi ka ce, "Baba, yaran nan ba su san dokar langa ba, ko za ka zo ka nuna musu?" Ka ajiye masa kujera a inuwa. Mun san dattawa da yawa, ba mu kuwa taɓa ganin wanda ya iya zama shiru yana kallon ana langa ba daidai ba.

Ku kuma sauran masu karatu, ba sai kun jira wani ya buɗe kango a unguwarku ba. Yau da yamma, kafin tuwo ya sauka, a fito tsakar gida. Kowa ya tsaya kusa da bango, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ƙaramin gida ya ƙirga goma. Kaka ta dafa bango in tana so. Wanda ya kāsa kada ya tsorata, ya sāke gobe. Ku rubuto mana wa ya fi daɗewa a gidanku, da sunayen wasannin garinku waɗanda yara suka daina yi, da yadda ake yinsu, domin mu buga kafin masu saninsu su ƙare.

Wata mai zuwa za mu koma kan abincin yara.